RUWAN JARIRI YANA CIKIN NONON UWARSA: Abin da ya faru a tsakar gidanmu a Wudil

Waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba sakawa.

Yau gida na koma, wato Wudil. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maiduguri daga Kano ya san mu. Kana hawa gada ka ga kogi, masu kifi na ɗaga maka shi ta tagar mota. Ranar Juma'a kuwa kada ma ka sa gaggawa, don shanu da tireloli ne ke da hanya. Gari ne mai kifi, mai nono, mai wake da gyaɗa da kayan lambu. Amma ka je wurin awon yara ka zauna na awa ɗaya kawai, za ka ga yaron da damtsensa bai fi babban yatsanka kauri ba. To me ya kawo tamowa garin da abinci ke wucewa ta ƙofar gida?

Wani zai ce talauci ne da tsadar kaya. Gaskiya ne, ba na musu. Amma akwai wani ɓangare da kuɗi ba su da hannu a ciki, kuma shi nake so mu tattauna yau.

Bari mu fara da lissafi kaɗan. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kano abin ya haura rabi. Wannan binciken dai ya nuna jarirai 29 kacal cikin 100 'yan ƙasa da wata shida ne ake ba nono zalla. Ku lura fa, ba wai matanmu ba sa shayarwa ba ne. A ƙasar Hausa da wuya ka ga uwar da ba ta ba da nono. Matsalar ita ce abin da ake haɗawa da shi, kuma na farko a layi shi ne ruwa.

Ni na san wannan maganar ne ta hanya mai ciwo. Shekarun baya yayata ta haifi ɗanta na fari. Goyon ciki ta zo gida, don haka a gabana aka yi komai. Ranar farko ba a sa shi a nono ba, aka ce sai an wanke nonon, wai na farkon nan mai rawaya-rawaya datti ne. Aka tatse aka zubar. Aka riƙa ɗiga masa ruwan ɗumi da cokali, aka kawo dauri, wata maƙwabciya ta kawo zuma. Ita yayata kunyar ɗan fari ma ba ta bari ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba, balle ta ce a'a. Yana wata huɗu gudawa ta kama shi. Aka ce haƙori ne zai fito. Maɗigarsa ta faɗa, aka ce a nemo maganin maɗiga. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti jiki ya riga ya saki. Kwana biyu muka yi a can, muka dawo da zani.

Kwana ya ƙare, mun yarda da ƙaddara. Kuma ba na ɗora wa kowa laifi, don duk wanda ya ba yaron nan wani abu, ƙauna ce ta sa shi. Amma daga baya na gane faɗawar maɗigar nan alama ce ta ruwan jikinsa ya ƙare, kuma fitowar haƙori ba ta kawo irin wannan gudawar. Da mun sani, da a daren farko za mu tafi.

Shekara ta juyo, matar yayana ta haihu, a tsakiyar bazara kuwa. Kun san zafin Maris da Afrilu a nan, ma'auni na haura 40. Ita ta je awo, an gaya mata nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Ta dawo gida ta faɗa. Innarmu ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, a wannan zafin da kaza ma ke buɗe baki? Ni na haifi tara, duk da ruwa na raine su. So kike ki kashe min jika da ƙishirwa?" Shi ke nan, magana ta mutu. Wace suruka ce za ta ja da uwar miji a kan jikanta?

A nan ne nake so ku gane inda gizo ke saƙar. A asibiti uwar ake koya wa. A gida kuma ba ita ke da ta cewa ba. Kaka ce, ko uwar miji, ko ungozoma, ko goggon da ta zo wankan jego. Ka cika yarinya 'yar shekara sha takwas da bayani, ka sallame ta ta koma gidan da ba ta isa ta ɗaga murya ba, ai ka ɗora mata kaya ne kawai.

Abin da ya sauya lamarin gidanmu wata mata ce 'yar sa-kai, cikin masu bin gida-gida suna wayar da kai a kan shayarwa da ciyar da yara. 'Yar unguwa ce, Inna ta san iyayenta. Kwana uku da haihuwa ta yi sallama. Ba ɗakin mai jego ta nufa ba, wajen Inna ta fara zuwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata barka. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Inna, ku ne manya, ku kuka san raino. Zuwa na yi ki ba ni labarin yadda kuke yi a da." Inna ta gyara zama ta yi ta bayani, ita kuwa ba ta katse ta ba ko sau ɗaya.

Da ta gama, sai matar ta ce, "Inna, na san gidanku na kiwo ne. In saniya ta haihu, ana hana ɗan maraƙi dakashi?" Inna ta ce, "Wa zai hana? Ai maraƙin da bai sha dakashi ba ba ya yin ƙwari." Ta ce, "To Inna, me ya sa na ɗan mutum muke zubarwa?" Wallahi Inna shiru ta yi. Can ta ce, "Haka muka taras."

Sai ta roƙi mai jego ta tatsa kaɗan a kofin gilashi, aka ajiye a inuwa, aka ci gaba da hira. Bayan wani lokaci aka ɗauko, ga maiƙo ya taso sama, ga ruwa-ruwa a ƙasa. Ta miƙa wa Inna ta ce, "Kin ga ruwansa, kin ga abincinsa. Allah Ya haɗo masa su tare, a tace, a ɗumame." Inna ta juya kofin ta ce, "To zafin nan fa?" Ta ce, "Inna, ruwan da kike so ki ba shi, ki ba uwar. Ke za ki tsaya a kanta ta sha, ta ci. In ya ji ƙishi a ƙara sa shi a nono." Kun ga dabarar? Ba ta ƙwace wa Inna matsayinta ba, aiki ta ba ta. Daga ranar Inna ta zama 'yar sandan ruwa a gidanmu. Wata baƙuwa ta zo barka ta ɗauki cokali za ta ɗiga wa yaro, Inna ta ce, "Ajiye! Jikana ba ya shan ruwa sai ya yi wata shida." Yaron nan yanzu shi ke fasa mana kofuna.

To bari in warware abin da matar nan ta koya mana, don kowa ya tafi da shi.

Na ɗaya, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata. Dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, cike yake da abubuwan da ke kare shi daga cuta, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Ita ma uwar tsotson na taimaka wa mahaifarta ta tsuke, jini ya ragu. Kada ƙanƙantar dakashin ta dame ku. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da ɗan ɗori ba.

Na biyu, nono zalla har wata shida. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, kuma a kanta Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin "ba ruwa" a 2019. Dalilin a fili yake. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. In ka ba jariri ruwa, ɓarna biyu ka yi. Ka cika masa ɗan cikinsa da abin da ba abinci ba, sai ya rage tsotso, in ya rage tsotso nono ya ragu. Sannan ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, don ruwan rijiya ko na randa ko na leda da kai babba za ka sha lafiya, shi hanjinsa bai yi ƙwarin ɗauka ba. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa shi ne ɗigon rigakafi da maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Zuma kuwa, duk da an ce da tsohuwar zuma ake magani, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Na san wani zai ce, to dabinon da ake tauna a shafa wa jariri a ganɗa fa? Wannan shafawa ce ta sau ɗaya, daban take da ɗura wa yaro ruwa safe da yamma har wata shida. Mai son albarkar zamzam ko rubutu, ga uwar nan, a ba ta ta sha. Kuma kada mu manta, shekara biyun da likitoci ke cewa a ci gaba da shayarwa, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta riga su ambata. A wannan ayar dai aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Maza, ku riƙe wannan, zan dawo kanku.

Na uku, maganar "nonona ba ya isarsa". Wannan ita ce ƙofar da madarar gwangwani da kunu ke shigowa tun yaro na wata biyu. Sau da yawa ba nonon ne ya gaza ba, kamun ne bai yi daidai ba. Bakin yaro ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, ya kama har baƙin da ke kewaye, ba kan kawai ba. A bar shi ya gama da ɗaya kafin a juya shi, don maiƙon da ke ƙosar da shi a ƙarshe yake zuwa. A ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, aƙalla sau takwas. In yana fitsari kamar sau shida ko fiye a yini da kwana, kuma nauyinsa na ƙaruwa a wurin awo, to yana ƙoshi. Gwajin nan da ake yi na sa kiyashi a cikin nono, wai in ya mutu nonon ba shi da kyau, don Allah a bari. Ko a ruwan randa ka tsoma kiyashi zai iya nutsewa.

'Yan'uwana mata da ke karatu a jami'ar nan ta Aliko Dangote, ko masu zuwa aiki, ba sai kun yaye ba. Ki wanke hannu, ki tatsa a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi. Yana kai kamar awa huɗu ba tare da firji ba. A ba yaro da ƙaramin kofi, ba da bulumboti ba, don wanke bulumboti yadda ya kamata wahala gare shi.

Na huɗu, in wata shida ta cika. A nan ma muna tuntuɓe. Nono kaɗai ya daina isa, sai mu kawo koko tsararo mai kama da ruwan wanke ƙwarya, mu ɗura wa yaro. Cikinsa ya cika, jikinsa bai samu komai ba. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda in ka karkata cokali ba zai zube nan take ba. A fara da cokali biyu zuwa uku, ana ƙarawa a hankali. Daga wata shida zuwa takwas, sau biyu zuwa uku a rana. Daga wata tara zuwa shekara biyu, sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko gwanda ko mangwaro. Nono kuma na nan, ba a daina ba.

Me za a sa a ciki? Abin da ke kasuwarmu. A soya gero ko dawa sama-sama, a soya waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, hatsin ya fi yawa, waken ya biyo baya, gyaɗar kaɗan. A daka busasshen kifi a tankaɗe, a riƙa zuba cokali ɗaya a kunu. Garin zogale, kabewa, alayyafo, ɗan manja ko man gyaɗa, dafaffen wake da aka murje, hanta in an samu. Da ƙwai. E, ƙwai. Maganar wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ni dai ɓarayin da na sani ba ƙwai ne ya lalata su ba. Abin takaici ne a ce gida na da kaji, a kwashe ƙwan a kai kasuwa, a sayo wa yaro biskit da lemon kwalba.

Yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai. In ka haɗa ɗan wata goma da yayyensa a kwano ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun sheƙe. A zauna da shi, a lallaɓa shi, banda ɗure. A wanke hannu da sabulu kafin a haɗa abincin da kafin a ba shi. In ba shi da lafiya kada a janye nono ko abinci, a ƙara ma. In gudawa ce, a je a karɓo gishirin nan na haɗa ruwa da ƙwayar zinki, kada a zauna jiran haƙori.

Sai maganar rurrutsa. Mace na goyo ta samu ciki, sai a ce nonon ya lalace, a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Yaro ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi cin abinci, bayan wata biyu ƙafa ta kumbura. A ce ai nonon ciki ya sha. Ba nonon ciki ba ne, yayen farat ɗaya ne. Mai ciki lafiyayya na iya ci gaba da shayarwa, sai dai ta ƙara cin abinci, ta kuma gaya wa ma'aikatan lafiya a wurin awo.

Yaya za ka gane yaro ya shiga haɗari? Akwai ɗan ma'aunin damtse mai launi uku da ake auna yara daga wata shida zuwa shekara biyar. Kore lafiya, rawaya a tashi tsaye, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti kai tsaye. Haka in ƙafafu biyu suka kumbura, ka danna yatsa wurin ya lotsa. Abincin nan na leda mai kama da tunkuza da ake ba masu tamowa magani ne, na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai. Ba na rabawa yayye ba ne, ba na sayarwa ba ne, ba kuma na maigida ya shafa a burodi ba.

To maza, na ce zan dawo. Da yawanku kuna ganin wannan hirar mata ce. Amma wa ke cefane? Wa ke ba da izinin zuwa awo? Wa zai iya zama da Hajiyarsa ya ce, "Hajiya, don Allah a gwada wannan," ta saurare shi? A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tun wajen 2008 aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu da 'ya'yansu. Hausawa ne irinmu, rawaninsu bai faɗi ba. Kai da ke raka abokinka kara ranar Juma'a, in za ka dawo ka tsaya bakin gada ka sayo kifi na mai jego. Ragon suna na yini ɗaya ne, shayarwa kuwa ta shekara biyu ce.

Mu kuma matasa masu waya a hannu, ga inda muke kuskure. Mukan ga bidiyo a TikTok, mu shiga gida muna ɗaga murya, "Ku tsofaffi ba ku san komai ba, camfi ne." Wallahi ranar ko gaskiya ka zo da ita ta faɗi. Tsohuwar nan ta raini tara, ta binne wasu, ba ta buƙatar jikanta ya kira ta jahila. Matar da ta zo gidanmu ba ta fi mu ilimin boko ba. Abin da ta fi mu shi ne ta gaisar, ta saurara, ta kawo misali daga abin da Inna ta sani, ta kuma dawo bayan mako ɗaya ta ga yadda ake ciki. Da a ce gardama ta zo yi, da tuni an raka ta zaure.

Masana na cewa daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, a nan ake gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a cike shi daga baya. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an ceci yara fiye da 800,000 duk shekara. Ni in na ji wannan adadin, fuska ɗaya nake gani, ta ɗan yayata.

Don haka ga aikin gida. A cikin danginku ko maƙwabtanku akwai mai ciki ko mai jego. Kada ku tsaya a kanta ita kaɗai. Ku gano wace ce ke da ta cewa a gidan, ku je ku gaishe ta, ku karanta mata wannan ko ku kunna mata sautin. In za a je awo, a tafi da kaka ta ji da kunnenta. In masu bin gida-gida suka yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, a kira maigida shi ma ya zauna.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu taɓo wankan jego da kunun kanwa, na san nan ma za a sha muhawara. Wanda ke da labari irin namu, ko tambaya, ya aiko mana. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.